Abin da ke rubuce a bayan cokali: fashin baƙi kan alamomin tsofaffin kayan azurfa

Bara da hunturu na tsinci wani cokali a rumfar masu tsofaffin kaya, cikin tarkacen makullai da fitilun ƙwai da suka daina aiki. Ya yi baƙi ƙirin, amma yana da nauyi a hannu, kuma a bayan mariƙinsa akwai wasu 'yan tambura huɗu a jere, kowanne bai kai ƙwayar gero uku ba. Mai rumfar ya ce, "Azurfa ce tsantsa, Alhaji, daga gidan Razdan ta fito." Ban musa ba, na biya. Da yamma na kai wa wani dattijo maƙerin fari a unguwarmu. Ya jinjina shi a tafi, ya goge da toka, ya ɗan ja magagari a wuyan cokalin, sai ga wani ƙarfe mai ɗan rawaya ya leƙo daga ƙasa. Ya miƙo mini yana dariya: "Ɗana, wanka kawai aka yi masa da ruwan azurfa." Da na kara gilashi a kan tamburan nan sai na ga haruffa ne, E, P, N, S, an yi musu rubutu mai ƙaho da jela don su yi kama da hatimin hukuma.

Wannan asarar ce ta sa na bi diddigin maganar. Abin da na gano shi ne tsohon kwanon azurfa na Turawa baki biyu gare shi. Bakin farko shi ne adon da ke fuskarsa, furanni da garkuwa da hotunan waliyyai, wanda ke yi wa mai kayan kirari. Na biyu shi ne 'yan tamburan da ke ɓoye a ƙasa, inda baƙo ba ya kallo. Na farkon maroƙi ne, abin da aka biya shi ya faɗa shi yake faɗa. Na biyun shaida ne da ya yi rantsuwa gaban alƙali. Masu neman ma'ana sun fi ɗokin na farko, ni kuwa da na biyu zan fara.

Azurfa zalla tana da laushi, ba ta jure aikin yau da gobe, dole a surka ta da jan ƙarfe. A nan kuma ƙofar ha'inci take, domin ido ba ya raba surkin kaɗan da na ganganci. A shekarar 1300 Sarki Edward na Ɗaya na Ingila ya kafa doka cewa duk kayan azurfa sai ingancinsa ya kai na kuɗin ƙasa, wato kashi 925 cikin 1000, sannan a buga masa hatimin kan damisa kafin ya bar hannun maƙeri. Wani abin dariya, damisar ba damisa ba ce. A yaren masu zana tambarin sarauta, zakin da ya juyo ya fuskanci mai kallo shi ake kira damisa, saboda haka zakin Sarki ne kawai da wani suna. A 1363 aka ce kowane maƙeri ma ya buga nasa tambarin, don in an kama kwano da algus a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Da yake yawancin mutane ba su iya karatu ba a lokacin, tamburan farko hotuna ne, wani kifi, wani mabuɗi, wani tsuntsu, kamar yadda masu raƙuma ke yi wa dabbobinsu lamba da wuta. A 1478 aka ƙara harafin shekara, ana canza shi duk shekara, aka kuma ce a riƙa kai kaya zauren ƙungiyar maƙeran zinariya ta Landan don gwaji. Harafin nan ba don masu tarihi aka yi shi ba. An yi shi ne don a san wane mai gwaji ke kan aiki a shekarar, ta yadda in ya ci hanci ya buga hatimi a kan jabu, ba shi da mafaka.

Sai zaki mai tafiya, ƙafa ɗaya a ɗage, wanda ya shigo a 1544. Shekarar tana da muhimmanci. A daidai lokacin ne Sarki Henry na Takwas ya shiga rage azurfar da ke cikin kuɗin ƙasarsa yana cusa jan ƙarfe, saboda yaƙe-yaƙe da almubazzaranci sun tatse baitulmali. Wato a lokacin da kuɗin Sarki da kansa ya zama abin tuhuma, cokalin attajiri yana ɗauke da zakin da ke cewa ni dai ban canza ba. Ƙarnuka da dama wannan zakin ne babbar shaidar azurfar Ingila.

Daga baya matsalar ta juya. A ƙarshen ƙarni na 17 mutane suka shiga yanke gefen kuɗi da narka shi suna ƙera kwanuka, har kuɗi ya yi ƙaranci a kasuwa. Sai a 1697 hukuma ta ɗaga ma'aunin kayan gida zuwa 958 cikin 1000, ya fi na kuɗi, don kada maƙeri ya zuba sulalla a tukunya kawai ya fito da faranti. Aka sauke zaki mai tafiya, aka sa hoton wata mace a zaune da garkuwa, Biritaniya, wadda ke wakiltar ƙasar. Tilas ɗin ya tsaya a 1720. Daga 1784 zuwa 1890 kuma aka ƙara kan Sarki ko Sarauniya, wanda ba wata girmamawa a cikinsa, rasit ne na haraji. Inda haraji yake kuwa akwai masu zille masa: wasu maƙera kan kai ƙaramin abu a buga masa hatimi, su biya kuɗi kaɗan, su yanko wurin hatimin su liƙa a ƙasan ƙatuwar buta. Hukuma ba ta ɗauki abin da wasa ba. A 1757 ƙirƙirar hatimin jabu ya zama laifin kisa, daga baya aka sassauta zuwa kora daga ƙasa na shekara 14.

Tambarin gari shi ne inda masu son fassara suka fi yin tuntuɓe. Edimbura tana da ganuwa mai hasumiya uku, wannan a fili yake. Dablin tana da abin kiɗan nan nasu mai tsirkiya da yawa da kambi a kansa. To amma Bamingham fa? Tambarinta ƙugiyar tsayar da jirgin ruwa ce, alhali garin yana tsakiyar ƙasa, nesa da teku. Na ga masu cewa alamar bege ce ko dogaro ga Allah. Labarin da aka fi bayarwa ya fi haka sauƙi. Wani ɗan kasuwa, Matthew Boulton, ya gaji da aika kayansa har Cesta don gwaji, suna dawowa a lanƙwashe, ya matsa wa majalisa lamba har aka buɗe wa Bamingham da Shefil ofisoshinsu a 1773. Masu kamfen ɗin kan haɗu a wata mashaya a Landan mai suna Kambi da Ƙugiya, aka ce daga sunan aka raba: Shefil ta ɗauki kambi, Bamingham ta tashi da ƙugiya. Haka ma jinjirin wata da kambi da ke kan azurfar Jamus tun 1888. Wani zai gani ya ce kayan Musulmi ne. A'a, tsohuwar al'ada ce ta danganta azurfa da wata, zinariya da rana. Kayan Daular Usmaniyya ta Turkiyya su ne ke ɗauke da sa hannun Sarkinta mai lanƙwasa, da 'yar kalmar Larabci "sah", 'yar'uwar sahihi.

Yanzu mu juya kwanon mu dubi fuskarsa, inda kirari yake.

Babu kayan da ya kai gidan gishiri iko a teburin manyan Turai na da. Ba ɗan ƙoƙo nake nufi ba, wani gini ne na azurfa, wani ya kai tsawon kamu, an yi shi da siffar hasumiya ko jirgin ruwa, gishirin da yake ɗauka kuwa bai cika tafi ba. Aikinsa shi ne nuna inda maigida yake. Ana ajiye shi kusa da shi, sai a jera baƙi bisa daraja: wanda aka zaunar kusa da gishiri babba ne, wanda aka tura can ƙasa ya san matsayinsa ba sai an faɗa masa ba. Duk wanda ya taɓa zama a fada ya ga yadda tazarar buzun mutum daga karagar Sarki ke faɗin ko shi wane ne, ya gane wannan karatun. Bayan an mayar da sarauta a Ingila a 1660, birnin Ekzita ya ba Sarki Charles na Biyu wani gidan gishiri mai siffar fada, azurfa da ruwan zinariya, wanda har yanzu yana cikin kayan sarauta a Hasumiyar Landan. Mu da muka san wahalar ayarin Bilma ba sai an yi mana dogon bayani kan darajar gishiri ba. Abin lura dai, gishiri yana cin azurfa. Shi ya sa za ka ga cikin 'yan ƙananan gidajen gishiri na baya an shafe shi da zinariya ko an sa masa shuɗin gilashi. Wannan ba alama ba ce ta komai, kariya ce.

Cokali kuwa labarinsa ya fi kusa da rai. A ƙarni na 15 da na 16 mai masauki ba ya raba wa baƙi cokula, kowa da nasa yake zuwa, kuma sau da yawa shi ne kaɗai azurfar da mutum ya mallaka a duniya, har ya kan sa shi cikin wasiyya. Ranar baftismar jariri, wanda ya tsaya masa a matsayin uban addini kan ba shi cokalin azurfa da ɗan mutum-mutumi a kan mariƙin, ɗaya daga cikin Hawariyawa goma sha biyu. Da yake fuskar ba ta kai ƙwayar wake ba, da abin da ke hannunsu ake gane su. Bitrus na riƙe da mabuɗi. Andarawus na da gicciye mai siffar alamar sau, irin wanda aka ce an kashe shi a kai. Yohanna na da ƙoƙon sha, Yaƙub babba na da sandar matafiyi, Bartalamawus kuwa wuƙar fiɗa ce a hannunsa, domin riwayarsu ta ce da rai aka feɗe shi. Ka ji abin da ake ba jariri ya sha kunu da shi! Mai hali sosai kan ba da goma sha uku cif, na ƙarshen na Almasihu, amma cikakken jeri irin wannan kaɗan ne ya rage a duniya. Da wannan al'adar ake danganta maganar Ingilishi ta cewa an haifi wane da cokalin azurfa a baki, abin da mu za mu ce ya tashi ya tarar.

Sai garkuwar zuriya, wadda ake zanawa a tsakiyar faranti ko a cikin butar shayi. Wanda ya iya karanta ta, takardar aure ce. Idan an raba garkuwar gida biyu, ɓangaren hagun mai kallo na dangin miji ne, na dama na dangin mata. Idan kuwa an dasa 'yar ƙaramar garkuwa a tsakiyar ta mijin, to matar magajiya ce, ba ta da ɗan'uwa namiji, da dukiyar gidansu ta shigo. Budurwa da bazawara ba a ba su garkuwa, tunda ba sa zuwa yaƙi, sai a zana nasu cikin wata siffa mai kusurwa huɗu a karkace, irin yankan cincin. A farkon ƙarni na 18 a kife ake ajiye cokali a tebur, saboda haka a bayansa ake zana tambarin gida, don baƙo ya gani tun kafin ya ɗauka. Inda zanen yake ma kaɗai yana iya nuna zamanin cokali.

A nan ne fuska ta fi yin ƙarya. Gida ya karye, an sayar da kaya, sabon mai kuɗi ya sa a kankare tsohuwar garkuwa a zana tasa, ko wadda ya aro. Dillalan da suka san aiki kan danna babban yatsa a wurin su ji ko ƙarfen ya yi siriri, ko su huro masa numfashi, tururin ya fito da layin inda aka yi faci. Sai ka ga faranti yana rantsuwa da sunan wani gida, alhali harafin shekarar da ke ƙasansa ya girme wa gidan da shekara sittin.

Game da furanni da 'ya'yan itace, ra'ayina shi ne masu talla sun cika zuzutawa. Yawancin adon nan lakabi ne na abin da ke ciki: inabi a jikin abin zuba giya, kifi da ƙumba a kan abin miyar kifi, kabeji ko wani kayan lambu a kan murfin kwanon miya. A tsakiyar ƙarni na 18 wani maƙeri a Landan, John Schuppe, ya yi suna da 'yan butocin madara masu siffar saniya, jelar ce mariƙi, madarar ta baki take fita, ga ƙuda a zaune a gadon bayanta. Babu wani sirri a nan, raha ce. Abarba ma, da yanzu ake cewa alamar karɓar baƙi ce, a zamaninta abin da ta fi faɗa shi ne kuɗi, domin kafin ka nunar da ita a sanyin Ingila sai ka gina mata ɗakin gilashi kana hura wuta.

Akwai kuma ma'anar da ba wanda ya zana, amma tana nan. Gwangwanin ganyen shayi na ƙarni na 18 akwati gare shi mai kwaɗo, mabuɗin yana hannun uwargida, saboda ganyen yana da tsada kuma ba a yarda da barori ba. Mariƙin buta na katako ne ko hauren giwa, domin babu ƙarfen da ya kai azurfa saurin ɗaukar zafi, hauren kuma mun san nahiyar da aka fi kwaso shi. Kwanon sukari da ɗan matsefinsa mai kyau, sukarin da ke ciki daga gonakin rake na tsibiran Karebiya yake, inda bayi 'yan Afirka ke mutuwa a kan aiki. Ita kanta azurfar, kaso mai yawa na wadda ta cika duniya bayan 1545 daga dutsen Potosi ta fito, a ƙasar Bolibiya ta yau, inda Sifaniyawa suka riƙa tura 'yan asalin ƙasar cikin rami bisa tilas. Ba za ka sami hatimin wannan a ƙasan kwano ba.

Duk wannan ado kuwa, mai kayan bai taɓa mantawa cewa kuɗi ne ya daskare ba. A ƙasan manyan farantai za ka ga an karce nauyinsu da tsinin ƙarfe, don mai kula da kaya ya riƙa awo yana tabbatar ba a rage ba. Ranar biki a jera su hawa-hawa a kan kanta don baƙi su ƙirga, kamar dai jeren amarya a ɗakin Bahaushiya, daga zamanin ƙore zuwa tasoshi zuwa samira da langa, waɗanda yawancinsu ba a taɓa zuba musu tuwo ba, kuma ranar da ta ɓaci su ake fara cirewa a kai kasuwa. Bambancin kawai, na Turawan wuta ake kai su. Lokacin yaƙin basasar Ingila, a 1643, kwalejojin Okusfod sun miƙa kayan azurfarsu ga Sarki Charles na Ɗaya aka narka aka buga kuɗin sojoji. A 1689 Louis na Goma Sha Huɗu na Faransa ya aika kayan azurfar fadarsa ta Bersai, har da tebura da kujeru, kimanin tan 20, gidan buga kuɗi don yaƙi. Shi ya sa tsohuwar azurfar Faransa ta yi wuya. Abin da ya tsira ba lallai shi ne mafi kyau ba, shi ne dai wanda mai shi bai shiga matsi ba.

To me ya sa mu ba mu gaji cokulan azurfa ba, alhali muna da maƙeran fari tun da daɗewa, kuma azurfar ta shigo mana? Liyari, kuɗin nan mai hoton Mariya Tereza wanda duk sanda aka buga shi 1780 ake rubutawa, ya ratsa Sahara ya yi yawo a Barno da ƙasar Hausa, maƙera suka narka shi suka yi mundaye da zobba da 'yan kunne. Amma bai zama akushi ba. Dalilin addini ne. Bukhari ya ruwaito cewa Huzaifa ya nemi ruwa a Mada'in, wani daga cikin manyan garin ya kawo masa a ƙoƙon azurfa, ya jefe shi da shi, ya ce ya sha hana shi, domin Annabi (SAW) ya hana ci da sha a kwanon zinariya da azurfa. Risala, wadda almajiranmu ke karantawa a zaure, ta yarda da azurfa a zobe da takobi da adon Alƙur'ani, ba ta yarda da ita a abin sha ba. Suratul Insan kuma ta ambaci kwanukan azurfa cikin ni'imar Aljanna. Wato a wajenmu ma kwanon azurfa yana da ma'ana mai nauyi, sai dai an ɗage amfani da shi zuwa gobe. Maƙeran Mosul na ƙarni na 13 sun bi ta wata hanya, suna ƙera buta da tagulla su dasa mata zaren azurfa, da rubutun addu'ar ɗaukaka da albarka ga mai ita. Mu kuwa har kalmar Turancin muka ara muka ba wani ƙarfe daban: in uwargida ta ce a ɗauko mata kwanon silba, ba wanda zai je neman azurfa.

Cokalina kuma jikan wani juyi ne da ya rushe duk wannan tsari. Wajen 1743 Thomas Boulsover na Shefil ya gano yadda ake manna siririn fallen azurfa a kan jan ƙarfe. A 1840 kamfanin Elkington na Bamingham ya yi rajistar hanyar shafa azurfa da lantarki, sai ga malamin makaranta da akawu suna cin abinci da abin da ke ƙyalli kamar na hakimi. Haruffan nan huɗu da ke bayan cokalina cewa suke yi an shafa azurfa da lantarki a kan wani gauraye na jan ƙarfe da nikel da tutiya, wanda ake kira azurfar nikel ko da yake babu ɗigon azurfa a cikinsa. Irinsu ne suka cika otal-otal da jiragen ruwa da gidajen ma'aikatan mulkin mallaka, don haka mai yiwuwa mai rumfar bai yi ƙarya kan gidan Razdan ba. Masu ƙera su ba su da ikon buga zaki, sai suka jera haruffa cikin 'yan akwatuna huɗu, daidai girman hatimin gaske, suka bar idon mai saye ya ƙarasa musu aikin.

Na koma wajen dattijon na zayyana masa duk wannan, tun daga damisar da ba damisa ba har zuwa ƙugiyar Bamingham. Yana ta zuga wutarsa bai ɗago ba. Da na gama ya ce, "To ai ka gode Allah, ɗana. Da ta gaske ce, da ba ka da halin kai ta baki." Cokalin yana cikin gwangwanin sukari yanzu, kuma yaran gida sun fi son shi da sauran, wai ya fi ɗiba.